Shanyewar ɓarin jiki: Kada a sallami majiyyaci ba a duba zuciyarsa ba

Shekaru da dama ke nan, in dai aka ambaci Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a shafin jarida, mai karatu ya riga ya san irin labarin da zai biyo baya. Tun kafin daren 11 ga Disamban 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, har zuwa bayan haka, zancen wannan yanki bai wuce na bindiga da kuɗin fansa da gonakin da aka gudu aka bari ba. Ba na ganin laifin masu rubutun, domin abin da ya fi ƙona rai shi ake fara kuka da shi. Sai dai yau ina so in karkata ga wata cuta wadda ba ta jiran a turo soja ko a zauna sulhu, tana nan tana kwantar da magidanta da iyaye mata a Yankara da Sheme da Damari da Ketare, wato shanyewar ɓarin jiki. Kuma ba faɗuwar farko ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame ni shi ne ta biyu, wadda sau da yawa ita ce ke tafiya da mutum, alhali tana cikin waɗanda ilimin likitanci ya san yadda ake rage aukuwarsu.

Yadda abin ke gudana sananne ne ga duk wanda ke da dangi a karkara. Dattijo ya tashi alwalar asuba, buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. A nemo mota a kai shi asibiti, a auna jini a ce ya hau, a yi ƙarin ruwa da allurai, bayan kwanaki ya fara motsa ƙafa, sai a sallame shi da ƙwayoyin wata guda. Daga nan sai gida: ga mai tausa, ga man shafawa, ga rubutu da tofi, kowa da abin da ya ji an ce yana yi. Idan ya fara dogara sanda ya fito zaure sai a yi hamdala, a ɗauka an rabu da bukar. Likitoci kuwa sun san cewa a daidai wannan lokacin ne hatsarin ya fi yawa. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara sakamakon bincike daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa kimanin mutum 11 cikin 100 na waɗanda suka tsira daga faɗuwar farko sukan sake faɗuwa kafin shekara ta zagayo, kuma cikin shekara biyar adadin yakan kai kusan 26 cikin 100. Wato ɗaya cikin kowane huɗu.

To, ina ruwan zuciya da cutar da ta taɓa ƙwaƙwalwa? Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai jijiyar jini ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, ko kuma wani gudan jini ya toshe ta. Wannan gudan jinin ba kullum yake samuwa a ka ba. Wani lokaci a cikin zuciya yake daskarewa, sannan ya ɓalle ya bi jini ya je ya maƙale a sama. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma wata 'yar wutar lantarki da Allah Ya halitta a cikinta ce ke sa su matsawa bi da bi, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. Akwai wata larura da ke rikita wannan tsari, sai ɗakunan sama su daina matsawa, su koma karkarwa kawai kamar mai jin sanyi. Idan haka ta faru jini ba ya fita duka, wani yakan kwanta a wani ɗan lungu da ke jikin ɗakin hagu, kuma jinin da ya kwanta daskarewa yake yi. Mai wannan karkarwar zuciya ya fi wanda ba shi da ita hatsarin shanyewar jiki kusan ninki biyar, kuma tasa faɗuwar takan fi muni, domin gudan da ke fitowa daga zuciya yakan zama babba. Abin tsoron shi ne, mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba. Wani yana jin faɗuwar gaba ko haki, wani kuwa ba ya jin komai.

Abin da ke tona asirinta shi ne gwajin da ake kira ECG. Majiyyaci zai kwanta, a manna masa wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana tafiyar wutar zuciyarsa a kan takarda. Ba allura, ba zubar da jini, kuma ba ya cin minti goma. Ba sabuwar fasaha ba ce da za a ce ba ta iso mu ba tukuna: wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Einthoven ne ya ƙera na'urar a farkon ƙarni na 20, har aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Tasa ta cika ɗaki. Ta yau ana rataya ta a kafaɗa, tana aiki da batir, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na motar da ake saya wa jami'i guda ba.

Kada wani ya ce wannan lissafin Turawa ne, jikinmu daban. An yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Nijeriya da Gana, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna cikin wuraren da aka tattara majiyyata. A wani ɓangare na binciken da aka buga a 2017, an duba zanen zuciyar masu shanyewar jiki kusan 900, aka tarar fiye da takwas cikin kowane goma suna da wata alama da ta kauce wa daidai. Ba dukansu ne masu karkarwar zuciya ba. A gaskiya masu ita 'yan kaɗan ne a cikinsu. Abin da ya fi yawa shi ne alamar kaurin tsokar zuciya, wanda ke nuna cewa ta daɗe tana dakon hawan jinin da ba a kula da shi ba. Wannan ya yi daidai da babban sakamakon da suka fitar a 2018, bayan sun kwatanta majiyyata 2,118 da masu lafiya irin adadinsu: hawan jini shi ne uban tafiya, yana da hannu a kusan tara cikin goma na faɗuwar da aka gani.

Saboda haka takardar nan tana iya faɗa wa likita abubuwa da yawa. Tana iya cewa wannan mutum hawan jininsa tsohon zama ne, kada a yarda da cewarsa wai tashin hankalin harin jiya ne ya tayar da shi. Dole ya zauna kan magani har ƙarshen rayuwa, a yi ƙoƙarin mayar da awonsa ƙasa da 130 bisa 80. Tana iya nuna tabon tsohon ciwon zuciya da ya wuce ba a gane ba. Tana kuma iya nuna karkarwar da na ambata, kuma a nan ne magani ke canzawa ɗungurungum. Asfirin da aka saba rubuta wa kowa ba ya wadatar da mai karkarwar zuciya. Abin da yake buƙata shi ne maganin hana daskarewar jini mai ƙarfi. Tun 1993 wani gwaji da aka yi a Turai kan masu karkarwar zuciya da suka taɓa faɗuwa ya nuna cewa irin wannan magani ya sauko da hatsarin sake faɗuwa daga kashi 12 cikin 100 a shekara zuwa kashi 4. Magunguna kaɗan ne a duniyar likitanci ke da irin wannan tasiri. Amma wanda ba a duba ba, ta yaya za a san yana cikin masu buƙata?

Akwai kuma dalilin da ya sa nake ganin wannan yanki namu ya fi wasu buƙatar a duba zuciya, kuma ya shafi mata matasa, waɗanda ba a cika kawo su a zancen shanyewar jiki ba. A 1974 wasu likitocin Zariya, ciki har da Davidson da Parry, suka buga rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Da suka bi asalin matan, sai suka ga cutar ta fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, wato maƙwabtanmu na kusa. A lokacin sun danganta abin da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da yawan shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan, musamman wanda Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta a Kano, ya nuna lamarin ya wuce al'ada kaɗai, akwai talauci da rashin cin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Ko ma mene ne sanadi, zuciyar da ta saki ta kumbura ba ta iya tura jini yadda ya kamata, kuma jini yakan daskare a cikinta. Haka ma wanda ciwon maƙogwaron da aka yi sakaci da shi tun yana yaro ya lalata masa ƙofofin zuciya. Wannan ma yakan kai ga karkarwa tun mutum bai kai shekara arba'in ba. Idan mai jego ko saurayi ya faɗi, mutane sukan yi saurin cewa iska ce ko jifa. Ni dai ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Amma a kai shi a duba ƙirjinsa.

Wajibi ne in faɗi iyakar abin, don kada wani ya karanta rabi ya ruga kyamis. Zanen zuciya ba ya faɗin ko jijiya fashewa ta yi ko toshewa. Hoton ƙwaƙwalwa, irin na siti-sikan, shi ne kaɗai ke raba wannan gardama. A binciken SIREN, kusan kashi 32 cikin 100 na majiyyatan fashewar jijiya ce ta same su, adadin da ya ninka abin da aka saba gani a Turai da Amurka. Ba wa irin wannan majiyyaci maganin tsinka jini daidai yake da ƙara wa wuta fetur. Sannan ba kowace alama a takarda ce ke nufin a ba da wannan magani ba. An yi gwaji a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2024, kan masu alamun lalacewar ɗakin sama na zuciya amma ba a kama su da karkarwa ba, aka tarar sabon maganin bai fi asfirin hana sake faɗuwa ba. Ita kanta faɗuwar takan hargitsa zanen zuciya a kwanakin farko, shi ya sa ake son a maimaita. Kuma takarda mai kyau ba ta wanke mutum, domin karkarwar takan zo ta tafi: a wani gwaji na ƙasar Kanada a 2014, waɗanda aka ɗaura wa na'ura ta kwana 30 an kama ta a jikin kashi 16 cikin 100, waɗanda aka sa wa ta kwana ɗaya kuwa kashi 3 kacal. Mu da ba mu da na'urar kwana 30, muna da yatsu. Ma'aikacin lafiya, kai har ɗan majiyyaci, yana iya koyon ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya saurara minti ɗaya. In ya ji bugun yana tafiya ba kan ƙa'ida ba, yana sauri yana tsayawa kamar ganga a hannun ɗan koyo, to a koma asibiti.

Shi ma maganin yana da nasa sharuɗɗan. Wafarin, wanda shi ne tsoho kuma mai araha, yana buƙatar a riƙa gwajin jini da ake kira INR a kai a kai, a tabbatar awon yana tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa ba ya aiki, in ya yi sama jini ya ɓalle. Yawan ganye a abinci, irin su alayyahu da zogale, yana rage masa ƙarfi, don haka ba a son mai shansa ya riƙa canza cimarsa kwatsam. Magungunan ciwon jiki da ake saya barkatai a kasuwa suna ƙara hatsarin zubar jini, kuma wanda ke kan wafarin ba shi ba wanzami, ba shi ba ƙaho. Yana kuma yi wa ɗan tayi illa, abin da ya sa dole a zauna da mace mai shekarun haihuwa da mijinta a yi magana a fili. Sababbin magunguna irin su afiksaban ba su buƙatar wannan gwajin, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajinsu cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin manomi. Ga masu lalacewar ƙofar zuciya kuwa, wani babban gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, aka buga a 2022, ya nuna tsohon wafarin ya fi sabon da aka gwada shi da shi ceton rai.

Yanzu mai karatu ya ɗora duk wannan a kan taswirar yankin. Mutumin Sabuwa sai ya bi ta Ɗandume ya iso Funtuwa, in hoton ƙwaƙwalwa ake nema ya wuce Shika. Na Ƙanƙara ya nufi Malumfashi ko Katsina ko Kano. Na Faskari ya bi hanyar da a shekarun baya direbobi suka riƙa ƙin binta da zarar la'asar ta yi. Mutumin da rabin jikinsa ba ya motsi, a ce ya yi wannan tafiya don gwajin minti goma, sannan ya riƙa dawowa duk wata don awon jini, ai an san ba zai yi ba. Ba taurin kai ba ne, lissafi ne na kuɗin mota da abincin 'yan rakiya da fargabar hanya. Shi ya sa a nawa ra'ayin, abin da za a iya kawowa kusa a kawo shi, a bar wa doguwar tafiya abin da ba makawa sai ita, wato hoton ƙwaƙwalwa, wanda sau ɗaya yakan wadatar.

Abin da nake nema daga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da hukumar da ke kula da asibitocinta bai taka kara ya karya ba. A mayar da shi ƙa'ida rubutacciya cewa duk wanda aka kwantar saboda shanyewar ɓarin jiki ba za a sallame shi ba sai an yi masa ECG, an rubuta sakamakon a katinsa, an kuma sa masa ranar dawowa. A tabbatar kowane asibiti da ke kwantar da majiyyata a ƙananan hukumomin nan uku yana da na'ura mai aiki, da takardarta, da wanda ya iya manna wayoyin daidai. Na ce da takardarta, domin a ƙasar nan mun sha ganin an ƙaddamar da na'ura da kiɗa da jawabi, bayan wata uku a lulluɓe ta da zane saboda abin naira kaɗan ya ƙare. Batun mai karanta zanen ba shi da wuya kamar da. Tun 2014 Nijeriya ta amince da manufar miƙa wasu ayyukan likita ga nas-nas da jami'an lafiya na al'umma, kuma jami'in da ke Sabuwa yana iya ɗaukar hoton takardar da wayarsa ya aika wa likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko a Shika, amsa ta dawo kafin majiyyaci ya gama ɗaura maɓallin rigarsa. Abin da ake buƙata shi ne a tsara, a san wane ne ke kan aiki yau, a kuma biya shi. Na san wani zai tuna mini da watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka shafe watanni ba sadarwa. Gaskiya ne, kuma dalili ne na a koya wa ma'aikacin da ke wurin gane karkarwar zuciya da idonsa, domin a cikin alamomin ECG tana cikin masu sauƙin ganewa.

Kuɗin fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, jihar kuma tana da hukumar inshorar lafiya ta kanta. Ga kuma ayyukan mazaɓu da 'yan majalisa ke rabawa duk shekara. Ɗan majalisar da ke wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ko wane ne shi a kowane zango, zai iya wadata asibitocin mazaɓarsa da wannan na'ura da ta awon INR da abin da bai kai kuɗin baburan da ake rabawa a taro guda ba. Matsalar dai na'urar ba ta yin kyau a hoton yaƙin neman zaɓe. Kano da Ogun sun fara shirin gano hawan jini da ba da maganinsa a ƙananan asibitoci tun 2020. Babu abin da ya hana Katsina ɗaukar darasi daga maƙwabciyarta, ta kuma fara da inda zuwa babban asibiti ya fi wuya.

Sauran magana tamu ce, mu masu karanta wannan shafi a Kaduna da Abuja da Kano da Legas, waɗanda in an faɗi a gida mu ake fara bugo wa waya. Mukan aika kuɗi, mu yi ta tambayar ya jiki, mu sayi keken guragu da buhun shinkafa, amma da wuya mu tambayi abin da ya jawo faɗuwar. Idan ka yi magana da likitan, tambaye shi cikin ladabi ko an yi wa Baba hoton ƙwaƙwalwa, ko an duba zanen zuciyarsa, me aka gani, kuma wane magani ne ba a so ya yanke ko da kwana ɗaya. Likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Idan aka ce ba na'ura, kuɗin da za ka kashe ka kai shi inda take sau ɗaya bai kai na jinyar faɗuwa ta biyu ba. Ka ajiye na'urar awon hawan jini a gidan, ka sa wani yaro mai boko ya riƙa rubuta awon a littafi, ka kuma ɗauki nauyin maganin wata-wata da kanka, domin mafi yawan masu daina sha ba ƙi suke yi ba, ƙarewa yake yi su ji nauyin sake roƙo.

Idan an yi gwajin, a karɓi takardar a adana, kada a bar ta a asibiti ko a naɗe goro da ita. Likitan da zai ga majiyyacin baɗi yana buƙatar ya kwatanta sabon zane da tsohon. Rubutun irin wannan takarda yakan dushe da zafi, cikin 'yan watanni sai a ga ta koma fara, don haka tun a ranar a yi mata fotokwafi ko a ɗauke ta hoto da waya, a tura wa mutum biyu a cikin dangi.